Madaurin da ya tsinke a hanyar Keita: nazari kan harne biyar na wasu masu hawa pilon a Tawa

Kamfanin da kayansa kafin Afrilu 2023

Ƙaramin kamfani ne a cikin garin Tawa, yana karɓar kwangila daga hannun manyan kamfanoni. Aikinsa hawa pilon na sadarwa: ɗaura eriya, jan waya, sauya fitilar saman hasumiya, wani lokaci fenti. In wannan aiki ya ja baya sai su koma kafa pano na hasken rana a rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani na ƙauye. Suna zagaya Keita, Buza, Madawa, Illela da Ƙonni, wani lokaci har Abalak. Su takwas ne: Alhaji mai kamfanin, shef na aiki, masu hawa uku, apranti biyu, da wani dattijon direba wanda kuma shi ke riƙe da makullin ma'aji.

Mutum shida ke hawa, harne kuwa, wato madaurin tsaro da mai hawa ke sawa a jiki, biyar ne. Uku an saye su sababbi a Yamai a 2018, etiket ɗinsu na nuna an ƙera su a 2017, kuma madauransu na nailan ne. Irin mai kama jiki duka ne, kafaɗa da ƙirji da cinya, da zobe a baya don tare faɗuwa, da ɗamarar ƙugu mai zobe biyu a gefe wadda mai aiki ke jingina da ita ya saki hannuwansa. A jikinsu an rubuta EN 361 da EN 358, ƙa'idojin Turai na waɗannan ayyuka biyu. Sauran biyun kayan gwanjo ne da aka samo a kasuwa, rubutun etiket ɗinsu ya goge sarai. Babu harnen da ke da mai shi. Da safe wanda ya riga kai hannu shi ke ɗaukar mai kyau, apranti su samu abin da ya rage.

Ɗan littafin da ke zuwa da kowane harne ya bi kwali zuwa bola tun ranar da aka buɗe su. Abu guda Alhaji ya riƙe daga bakin mai sayarwa: harne yana shekara goma. Da wannan lissafi, ukun nan suna da sauran rai har 2027.

Ma'ajin kwantena ce ta ƙarfe a tsakar fili, babu inuwa a kanta. A ciki akwai batura sababbi da tsofaffi, bidon na gazuwal, gwangwanayen fenti, igiyoyi da kayan walda. Harne kuwa a ƙasa ake zube su, dama da ƙofa. In za a fita aiki, duk wannan kaya bayan mota guda yake shiga.

12 ga Afrilu 2023: tsinkewar

Ranar Laraba ce, cikin azumi, don haka aka fara aiki da wuri a wani pilon mai mita 45 a wani ƙauye kan hanyar Keita. Wajen ƙarfe takwas ƙaramin apranti, mai nauyin kilo 62, ya hau kamar mita 4. Ya zagaya igiyar jingina a ƙarfen pilon, ya maƙala ta a zobban gefe, ya kwanta baya don ya karɓi igiyar da ake miƙo masa. Nan take ɗamarar ƙugun ta rabe, yatsa uku daga zoben hagu. Lonj ɗin tare faɗuwa, wato gajeriyar igiyar da ke haɗa harne da pilon, yana rataye a kafaɗarsa, bai riga ya maƙala shi ba. Hannunsa na dama da ke kan matakala ne ya riƙe shi. Ya bugu a ƙirji, ya kuje a ƙwauri.

"Shef, wanga ya tsinke!"

"Riƙe da kyau, yaro, kada ka dubi ƙasa. Sauko sannu."

Harnen da ya tsinke yana cikin ukun da aka saya sababbi, shekararsa shida da ƙerawa. Shef ya duba bakin tsinkewar. Babu alamar yanka, babu gashin zare irin na madaurin da gogayya ta cinye. Launin wurin ya ɗan koɗe, ya yi ja-ja, abin da ba za a lura da shi ba a madaurin da ƙura ta riga ta rina. Da ya murza zaren tsakanin yatsunsa sai ya zube kamar garin kuka. Taƙi guda daga nan kuwa madaurin lafiya lau yake, an ja da ƙarfi bai ko motsa ba. Shef ya ɗauki hoto da wayarsa, ya jefa harnen a buhu.

A ranar magana biyu aka yi ta yi. Wasu sun ce azumi ne ya sa yaron jiri ya fizgi madaurin. Alhaji ya ce wataƙila wannan guda ɗaya ne ya zo da aibi tun daga masana'anta.

Afrilu zuwa Yuni 2023: ɗinki, siminti da jabel

Abu na farko, an kai harnen wurin baduku a kasuwa. Ya yanke wurin da ya ruɓe, ya yi ƙari da guntun bel ɗin kujerar mota, ya ɗinke da basilla da zaren takalmi. Ɗinkin ya yi kyau a ido. Aka ce za a riƙa sa shi a aikin ƙasa-ƙasa kawai, amma kafin mako biyu ya koma cikin tulin, babu mai tuna wanne ne na ƙasa wanne ne na sama. Masu ƙera harne sun hana irin wannan gyara. Ɗinkinsu na inji ne, da tsari da yawan sari da aka gwada, basilla kuwa tana tsinka zaren madauri a duk inda ta huda.

Na biyu, gwajin siminti. An rataya kowane harne a reshen dogon yaro, aka ɗaura masa buhu uku na simintin Malbaza, kilo 50 kowanne, aka bar shi minti biyar. Duka biyar sun riƙe, har da ɗinkakken. Hankalin kowa ya kwanta. Lissafin da ba a yi ba shi ne: buhu uku kilo 150 ne, ƙa'idar EN 361 kuwa tana gwada harne da kilonewton 15, wajen tan ɗaya da rabi, ninki goma ke nan. Ko a faɗuwar da aka yi da lonj mai rage fizga, ƙarfin da ke dukan harne zai iya kaiwa kilonewton 6, kusan kilo 600. Sannan ta zoben baya aka rataye su, don haka ɗamarar ƙugu, wadda ita ce ta tsinke a Keita, ko kilo ɗaya bai hau kanta ba.

Na uku, wanki. An yi tunanin datti ne ke ɓoye lahani, kuma wannan tunani daidai ne. Sai dai an jiƙa su cikin garin sabulu da jabel (bilic), aka dirje su da burushin wanke taya, aka shanya su kwana biyu a kan rufin kwantena cikin ranar Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 a inuwa. Jabel na raunana nailan, hasken rana ma haka. Sun fito fes, sun ɗan yi tauri.

A watan Yuni kamfanin da ya ba su kwangila ya aiko mai binciken tsaro. Bai ja komai ba, bai rataya komai ba. Ya nemi etiket, ya nemi takardar dubawa ta shekara. Ya ƙi biyun gwanjo saboda babu yadda za a san shekararsu ko ƙa'idar da aka ƙera su a kanta, ya ƙi ɗinkakken da kallo ɗaya. Sauran biyun ya bar su, da sharaɗin a kawo takarda. A farkon Yuli Alhaji ya yi odar harne shida ta hannun wani dillali a Yamai, kayan za su biyo ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano.

Yuli zuwa Satumba 2023: oda ta maƙale

Ran 26 ga Yuli aka yi juyin mulki. Ran 30 ga wata CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar Benin ta rufe, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Odar ta tsaya a hanya, babu wanda ya san ranar isowarta.

Ɗaukewar wuta ta buɗe wa kamfanin kasuwa. Kowa na neman pano da bateri, kuma duk gidan da aka sa sabo sai a kwaso tsohon. Zuwa ƙarshen Satumba tsofaffin batura sun haura ashirin a kwantenar, yawancinsu masu ruwa ne irin na mota da na gurup (injin wuta), wasu murfinsu ya fashe. Aikin pilon bai tsaya ba. Harne ukun da aka ƙi suka koma aiki a ɓoye, a wuraren da aka san mai bincike ba ya zuwa. Amsar da ake ba duk wanda ya yi magana ita ce an yi oda, tana hanya.

Wannan amsa tana da tarihi a wajen masu hawa. Ran 23 ga Oktoba 2006, Todd Skinner, ɗaya daga cikin fitattun masu hawan dutse na Amurka, ya faɗo daga dutsen Leaning Tower a Yosemite ya rasu, bayan madaurin gaban harnensa ya tsinke yana saukowa da igiya. Abokin hawansa ya riga ya nuna masa yadda harnen ya sile, ya ce ya yi odar sabo bai iso ba. Nasa harnen na wasan hawan dutse ne, ƙugu da cinya kawai, kuma gogayya ce ta ci shi. Amma zare ne ke riƙe da rai a duka biyun, kuma jiran sabo bai ƙara wa tsohon ƙarfi ko kaɗan ba.

Oktoba 2023: wandon direba

Bakin zaren ya fito ta inda ba a nema ba. A tsakiyar Oktoba shef ya lura wandon direba duk huji ne ƙanana daga cinya zuwa gwiwa, kuma wando na uku ke nan cikin wata biyu.

"Baba, mi ke cin wandonka haka?"

"Ruwan bateri ne, Shef. Duk mai ɗaukar bateri ya san shi. Ba ka ganin komi sai an wanke, sannan huji ya fito."

Shef ya hau bayan motar. A kusurwar gaba ta hagu, bayan kabin, fenti ya zube, ƙarfen ya yi farin gari. Nan ake jera batura. Ya tambayi apranti yadda suke hana su karo da juna a hanyar da ba ta da kwalta. Suka ce da harne suke cusawa tsakaninsu, domin shi ne abu mai laushi da ke kusa. Shekara da shekaru haka ake yi, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifi.

Suka koma kwantena suka kwashe tulin da ke dama da ƙofa. Katakon ƙasan ya yi baƙin tabo mai faɗin tabarma, ya taso daga inda tsofaffin batura suke. An barbaɗa bikarbonat a kai, aka ɗiga ruwa, sai ga kumfa na tashi. Akwai wani naɗin igiya sabo da ba a taɓa aiki da shi ba, yana kwance a gefen tabon. A wuri ɗaya farce kawai ya ɓare rigar igiyar.

Ruwan bateri asid ne gauraye da ruwa. In ya ɗiga a madauri, ruwan ya bi iska, asid ɗin ya zauna yana ƙara kauri, yana cin nailan daga cikin saƙar. Zafi na hanzarta aikin. A wandon auduga huji ke tona asirinsa. A madauri mai kauri da ƙura ta rina kuwa, sau da yawa ɗan sauyin launi ne kawai, wani lokaci ma babu abin da ido zai kama. Wanki daga baya na iya fitar da asid, amma ba ya mayar da zaren da ya riga ya mutu. Madaurin poliyesta ya fi nailan juriya ga asid, duk da haka masu ƙera shi ba su yarda a ci gaba da aiki da wanda ya taɓa shi ba. Gazuwal da man inji ba su kai asid ɓarna ba, nasu aibin shi ne suna riƙe yashi a cikin saƙa.

Shef ya buɗe hoton Afrilu a wayarsa ya nuna wa Alhaji, sannan ya miƙa masa guntun igiyar. Launin iri ɗaya ne.

Nuwamba 2023: yankawa

Gardamar ta ɗauki kusan mako biyu. Alhaji ya yarda a zubar da ukun da aka riga aka ƙi, amma ya tsaya kan biyun da mai bincike ya bari.

"Biyun ga fa ba su da komi. Mutumin kamfani da kansa ya duba su."

"Alhaji, ya duba su a Yuni, kuma bai san inda suke kwana ba. A cikinmu wa zai rantse ba su taɓa shiga tsakanin batura ba?"

Babu wanda ya iya rantsewa. Aka yanke shawarar fitar da duka biyar, tare da duk wata igiya da lonj na zare da suka taɓa kwana a kwantenar. Muskuto, wato ƙugiyoyin ƙarfe masu kullewa, da sauran kayan ƙarfe aka wanke, aka duba su ɗaya ɗaya, aka zubar da biyu da tsatsa ta yi wa rami.

Direba ya roƙi a ba shi harne guda ya kai wa ƙanensa mai haƙar rijiya a wajen Buza, tun da yanzu igiya kawai yake ɗaurawa a ƙugu. An hana shi, kuma bai ji daɗi ba. Roƙon nasa ne ya sa aka gane cewa jefarwa a bola bai isa ba, domin kafin yamma wani zai tsince shi ya kai kasuwa. Aka sa almakashi aka yayyanka kowanne gutsi-gutsi, babu guntun da ya kai kamu ɗaya, aka cire zobban.

Bayan yankawa suka bi gutsattsarin suna murzawa. A uku daga cikin biyar an sami wurin da ke zubewa gari. Ɗaya daga cikin ukun yana cikin biyun da Alhaji ya so a bari, kuma ruɓewar tana madaurin cinya, ƙarƙashin soso, inda ba a gani sai an ɗaga. A sauran biyun ba a sami komai ba.

Aka je Yamai, tafiyar kilomita wajen 550, aka sayo biyu a shago da takardunsu. Sababbi ne a leda, amma etiket ya nuna 2021, wato shekara biyu ta tafi suna kan kanta. Daga Nuwamba zuwa Maris mutum biyu kawai ke hawa. Aiki ya yi jinkiri, wata kwangila a Abalak ta kuɓuce.

Maris zuwa Agusta 2024: sabon ma'aji da nasa matsalolin

Odar ta iso a Maris 2024 ta hanyar Lome da Burkina Faso, harne shida ƙirar 2023. Wannan karo an adana littattafan, shef ya zauna ya karanta. A nan ya ga cewa shekara goma, kamar yadda kamfanoni irin su Petzl ke rubutawa, iyaka ce ta ƙarshe ga kayan zare, ana ƙirga ta daga ranar ƙerawa ko da ba a taɓa sa kayan ba, kuma abu ɗaya da ya faru a rana ɗaya na iya kashe harne tun a fitarsa ta farko. Ya ga kuma ana so wanda ya san aikin ya yi cikakken dubawa aƙalla sau ɗaya cikin wata 12, a rubuta.

Aka ware wani ɗakin ƙasa a gidan Alhaji. A watan Afrilu an sa ma'aunin zafi a wurare biyun da ƙarfe biyu na rana: kwantena digiri 58, ɗakin ƙasa digiri 38. An kafa ƙusoshi a bango aka rataye harne. Cikin mako uku ɓeraye suka gano soson kafaɗa mai gishirin gumi, suka gwaguye na guda ɗaya. Haƙorinsu bai kai ga madauri ba, amma kaɗan ya rage.

Sai aka koma duro na roba mai murfi. Ɓera ya ƙare. A watan Agusta, tsakiyar damina, aka dawo daga Madawa da harne jiƙe da ruwa da gumi, aka tura su duro aka rufe. Bayan kwana huɗu da aka buɗe, wari da fumfuna suka tarbe su, bukul biyu sun fara tsatsa.

Tsari na uku shi ya zauna. An rataya sandar ƙarfe daga rufi da waya, nesa da bango, ta yadda ɓera ba shi da hanyar hawa. Kowane harne yana rataye ta zoben baya, taga da raga, iska na ratsawa, rana ba ta shiga. Bateri, fenti, jabel da gazuwal ba sa tsallake ƙofar ɗakin. A mota, harne na tafiya cikin jakar yadi a kabin, batura kuwa a akwatin katako a baya, da guntayen tsohuwar taya tsakaninsu.

Wanki ya koma sau ɗaya a wata, ko bayan aiki mai ƙura sosai, domin yashin da ya shige saƙa yana yankan zare daga ciki duk lokacin da madauri ya miƙe. Sabulun Marsai ake sawa, da burushi mai laushi, da ruwan da bai wuce digiri 30 ba. A bazarar Tawa ruwan tanki ya fi haka zafi tun kafin azahar, don haka na randa ake ɗiba. A ɗauraye sosai, a shanya a zaure har ya bushe sarai kafin ya koma sanda.

Satumba 2024 zuwa Afrilu 2025: kaye da dubawa

An buɗe kaye, wato littafin rajista, tun Maris, shafi guda ga kowane harne: lambarsa, shekarar ƙerawa, ranar fara aiki, sunan mai shi. Lambar a kan etiket ake rubuta ta, ba a kan madauri ba. Kowa ya sami nasa, biyu suna ajiye. Amma a Satumba aka ga layukan dubawa na wata biyar duk da biro ɗaya aka cika su, a zama ɗaya, kowane layi "lafiya". Shef bai musa ba. Aiki ya yi yawa, kuma a ganinsa kayan sababbi ne.

Aka sauya tsari. Kowace Asabar da safe, kafin a fita, kowa ya miƙa nasa ga ɗan'uwansa, wanda ya duba shi ke sa hannu. Mutum na yi wa kayansa uzuri, amma ba ya son sunansa a ƙarƙashin na wani in abu ya faru. Dubawar minti goma ce. A kama madauri da hannu biyu, taƙi guda tsakani, a lanƙwasa shi ya yi baka, domin lanƙwasawa ke buɗe yanka da tsinkakken zare. A bi shi kaɗan kaɗan, gaba da baya, yatsa na neman wurin da ya yi tauri, ko santsi irin na narkewa, ko laushin da ya bambanta da sauran. A zame bukul a ga abin da ke ƙarƙashinsa, a ɗaga soso, a duba inda madauri ke ratsa zobe. Zaren ɗinki launinsa daban ne da na madauri, an yi haka da gangan don a ga wanda ya tsinke. Sai ƙarfe: tsatsa, lanƙwasa, kaifin baki, da ko bukul na kullewa. Ƙarshe etiket, ko yana karantuwa.

A Nuwamba 2024 wannan dubawa ta fitar da harne mai wata takwas da fara aiki. Tartsatsin walda ya narka gefen madaurin kafaɗa, milimita 3 zuwa ciki. Mai shi ya ce ƙaramin abu ne. Wanda ya duba ya ƙi sa hannu. Aka yanka shi, aka ba shi na ajiya.

A Fabrairu 2025, da sanyin safiyar hunturu, ɗaya daga cikin masu hawa ya zame a mita 30 a wani pilon kusa da Illela. Lonj ɗinsa na maƙale. Mai rage fizgar ya yage wajen santimita 40, harnen ya riƙe, abokin aikinsa ya taimaka masa ya koma kan matakala cikin ƴan mintuna. A ido harnen ba shi da komai. An yanka shi tare da lonj ɗin a ranar, kamar yadda littafin ya ce a yi wa duk wanda ya tare faɗuwa, kuma wannan karo Alhaji bai ja magana ba.

A Afrilu 2025 wani mai takardar ƙwarewa ya zo daga Yamai ya yi dubawar shekara. Shida da suka rage duk sun wuce.

Hukunci

Harnen Keita bai tsufa ba, kuma aikin pilon bai ci shi ba. A bayan mota da ƙasan kwantena ya mutu, a sa'o'in da babu wanda ke sanye da shi. Wannan ne ya sa gyare-gyaren farko duka suka faɗi. Baduku, siminti da jabel duk harnen suka duba, babu wanda ya dubi inda yake kwana, kuma bayan kowane gyara sai a mayar da shi kan tabon nan. Gwajin siminti ya fi sauran haɗari a ganina, domin ya ba mutane ƙwarin gwiwar da ba ta da tushe, har suka hau da kayan da a da suke tsoro.

Maganar shekara goma ita ma ta yi ɓarna, saboda an ɗauke ta alkawari alhali iyaka ce. A wannan kamfani babu harne ko ɗaya da shekaru suka fitar. Biyar asid ne ko zarginsa, ɗaya tartsatsi, ɗaya faɗuwa.

Yanka biyun da ba a sami komai a jikinsu ba daidai ne, kuma ina faɗin haka duk da sanin cewa kwangila ta tafi a dalilinsa. Babu hanyar da za a tabbatar da lafiyar madaurin da ya zauna kusa da asid sai ta lalata shi. Wanda aka samu da ruɓewa a ƙarƙashin soso ya wuce hannun mai bincike a Yuni, kuma an hau da shi wata biyar bayan haka.

Abin da ya yi aiki mai araha ne in aka cire kuɗin sababbin harne: ɗakin ƙasa, sandar ƙarfe, jakar yadi, akwatin katako, da sa hannun ɗan'uwa. A cikinsu raba harne da bateri ya fi komai nauyi, sai ba kowa nasa, domin daga nan ne aka fara sanin tarihin kowane guda.

Akwai abin da bai gyaru ba. Na ajiya biyun sun shiga aiki, yanzu babu ko ɗaya a gefe, kuma ba a ware kuɗin maye gurbinsu ba, alhali an ga yadda oda ke iya yin wata takwas a hanya. Sau biyu cikin 2025, ranakun da shef bai bi mota ba kuma kabin ya cika da mutane, an ga jakar harne a baya kusa da akwatin batura. Ranar da za a yanka na gaba, mutum ɗaya zai tsaya a ƙasa har sabo ya iso, kuma har yanzu Alhaji bai faɗi ko zai biya shi kwanakin zaman ba.